Katangar Garo

Shekara goma sha uku Nata'ala ya yi yana cin abinci da ƙwallo, kuma duk tsawon shekarun nan lamba biyar ce a bayan rigarsa. A Garo aka haife shi, cikin ƙasar Kabo, a nan ya fara buga tamaula ba takalmi a gonar da aka cire gyaɗa. Tun a lokacin ba ya son zuwa gaba. Sauran yara kowa na rububin ya ci ƙwallo a yi masa tafi, shi kuwa sai ya koma baya ya tsaya yana jiran wanda tsautsayi zai koro. Yana ɗan shekara goma sha takwas ya ji ana gwajin 'yan wasa a Kano, ya hau mota ya tafi. Samari sun fi ɗari biyu, aka ɗauki shida, yana ciki. Daga nan sai Jos, inda 'yan kallo suka laƙaba masa Katanga, sai Fatakwal, ƙarshe har Sudan ya yi shekara biyu a wata ƙungiya ta Omdurman, inda ya koyi karya kumallo da wake da yi wa alƙalin wasa gardama da Larabci.

A can ne wata rana ya yi tsalle ya sa kai, ya sauko a kan ƙafa ɗaya, ya ji gwiwarsa ta ce ƙas. Sau biyu aka yi masa aiki. Bayan na biyun likita ya gaya masa gaskiya: tafiya zai yi, sallah zai yi a tsaye, amma ƙwallo ta ƙare.

Ya dawo gida ya tare a Kabo, inda ya gina gida, ya kama noman masara. Mutane suna girmama shi, amma shi ya san ba ya jin daɗin komai. Matarsa Badi'a, malamar firamare ce mai faɗar magana ba kwana-kwana, ita ce ta fara gajiya da ganinsa a kan tabarma.

“Baban Naja,” in ji ta wata la'asar, “wai gwiwa ce ta lalace ko har da zuciya? Tashi ka je ka sha iska. Ana wasa a filin makarantarmu, tun ɗazu nake jin ihu.”

Ya tashi ba don yana so ba. Da ya isa filin sai ya tarar Zaratan Kabo ne suke karɓar baƙuncin Guguwar Gwarzo, kuma an riga an zura wa Kabo huɗu. Ya tsaya daga nesa ya harɗe hannu, ya ce ba ruwansa. Minti biyar bai cika ba ya ga 'yan baya uku sun bi mutum ɗaya kamar kaji sun ga tsaba, sun bar wani a fili shi kaɗai. Bai san lokacin da ya isa bakin layi ba.

“Kai mai lamba uku! Koma wurinka! Wa ya aike ka can? Ku tsaya a layi ɗaya mana, haba!”

Filin ya juyo gaba ɗaya. 'Yan wasan suka bi umarnin tun kafin su gane mai maganar. Ba a sake cin su ba har aka tashi. Ana busa usur shugaban ƙungiyar, Alhaji Abdulnasir, wani mai sayar da taki da ya fi son ƙwallo da barci, ya riƙe masa hannu da hannu biyu ya ƙi saki.

“Katanga, ka rufa mana asiri. Shekara shida Gwarzo na yi mana wannan wulaƙanci.”

Nata'ala ya ce bai iya koyarwa ba, wasa kawai ya iya. Alhaji ya ce to a je a koyo. Haka Nata'ala ya tafi Legas ya yi kwas na wata uku, ya dawo da takardar shaida da usur a wuya, da littafi cike da zane-zane. Ranar da ya fara atisaye Badi'a ta ce tun da ya dawo daga Sudan ba ta ga ya cinye tuwonsa ba sai ranar.

A cikin 'yan wasan akwai wani dogon saurayi mai faɗin kafaɗa, Zainulabidin, ana ce masa Zainu. Huɗa yake yi da garmar shanu da safe, da yamma ya sa riga mai lamba tara ya zo yana taƙama. Yana da gudu, yana da ƙarfi, amma in ya zo gaban raga sai ya ɗaga ƙwallo sama ta faɗa gonar dawar da ke bayan makaranta, a tsaya nema. Nata'ala ya yi sati biyu yana kallonsa. Abin da ya ja hankalinsa ba harbin ba ne. Duk lokacin da aka ƙwace wa Zainu ƙwallo, haushi kan sa ya biyo mutum a guje, ya zare ta daga ƙafarsa ba tare da ya taɓa shi ba. In kuma aka bugo ta sama, kafin kowa ya ɗaga kai shi ya riga ya tsaya inda za ta sauka. Nata'ala ya ji tsigar jikinsa ta tashi. Wannan abu ba a koyar da shi.

Ya kira shi gefe bayan atisaye.

“Zainu, daga gobe baya za ka koma. Lamba biyar.”

Zainu ya yi dariya, ya zaci wasa ne. Da ya ga fuskar kocin sai dariyar ta ɗauke.

“Koci, ni fa ɗan gaba ne. Kowa a garin nan ya sani.”

“Mai gonar dawar can ma ya sani.”

“Wallahi Koci, baya ai wurin wanda bai iya ba ne.” Sai da maganar ta fita ya tuna da wanda yake magana. Ya sunkuyar da kai. “Ba haka nake nufi ba.”

“Haka kake nufi, kuma ni ba ka ɓata mini ba. Ka je ka yi tunani.”

Washegari Zainu bai zo ba. Jibi ma haka. A rana ta uku aka ce an gan shi a kan babur ya nufi Gwarzo da takalmansa a rataye a wuya. Alhaji Abdulnasir ya zo hankali a tashe yana cewa an kori mai ci musu ƙwallo an kai wa abokan gaba. Abin ya dami Nata'ala. Ya riƙa tambayar kansa ko dai ya yi gaggawa.

Kocin Guguwar Gwarzo kuwa ba baƙo ba ne a wurinsa. Mudassir ne, wanda suka yi shekara shida suna tsaron baya tare a Jos, ɗaki ɗaya, kwano ɗaya. Bayan kwana huɗu sai ga wayarsa.

“Katanga, an wuni lafiya? Ya iyali? Ya gwiwa?”

“Lafiya lau, mutumina. Ya Gwarzo? Na ji ka yi baƙo.”

Mudassir ya fashe da dariya. “Na yi. Na sa shi a gaba kwana biyu, ya fasa mana gilashin ajin makaranta. Jiya na ce ya ɗan tsare mini Gali, don in ga wani abu. Ka san Gali dai, yaron da ya zura muku uku. Katanga, rabin awa Gali bai taɓa ƙwallo da daɗi ba! Na ce masa, yaro, kai ɗan baya ne, zauna in ba ka lamba biyar. Ka san me ya ce?”

“Me ya ce?”

“Ya ce in dai biyar ɗin ce, gara ya koma wurin mai ita. Wallahi na so in riƙe shi.”

Da yamma Zainu ya iso filin Kabo ya tsaya daga bakin layi yana wasa da igiyar takalmi. Nata'ala bai yi masa faɗa ba, bai ma tambaye shi inda ya je ba. Ya jefa masa riga kawai ya ce, “Ka makara. Zagaya fili sau biyar.”

Daga ranar aka shiga aiki. Nata'ala ya koya masa kada ya kalli rawar ƙafar ɗan gaba, ya kalli ƙwallo. Ya koya masa kada ya zube ƙasa sai in ba sauran dabara, domin ɗan bayan da ya kwanta ya zama ɗan kallo. Ya koya masa yadda ake tura mutum gefen ƙafarsa mara ƙarfi, a matse shi da layi har ya rasa inda zai bi. Wani lokaci abin kan ɗebe shi ya manta da gwiwa, ya shiga ya nuna da kansa, ya dawo gida yana ɗingishi Badi'a na dafa masa ruwan zafi tana mita.

Da damina ta kankama aka buɗe gasar kofin da 'yan kasuwar yankin suke sawa duk shekara, ƙungiya goma sha shida daga Gwarzo da Kabo da garuruwan kewaye. Zaratan Kabo suka fara da kunnen doki, ba ci. Wasa na biyu suka ci ɗaya. Na uku ma ɗaya. 'Yan gari suka fara tsokana, wai ƙungiyar Katanga ƙwallo ɗaya take ci kamar maganin likita, amma kowa ya lura ba a zura musu ko ɗaya ba. Kafin a ankara sun kai wasan ƙarshe, kuma wanda ke jiransu a can ba kowa ba ne sai Guguwar Gwarzo, a filin Gwarzo.

Ranar wasan Kabo ta tashi gaba ɗaya. Babura, a-kori-kura, har da wata tarakta da ta jawo tirela cike da mutanen Garo suna kaɗa jarka. Badi'a da ba ta taɓa zuwa kallon ƙwallo ba ta ce yau sai ta gani da idonta, ta shiga motar malaman makarantarsu. Filin ya cika ya batse, wasu a kan katanga, wasu a kan bishiyar darbejiya. Hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas, amma ba wanda ya ko ɗaga kai.

Kafin a fara Mudassir ya zo suka rungume juna.

“Yau ba abota,” in ji shi.

“Sai bayan usur,” in ji Nata'ala.

Ana take wasa Gwarzo suka yi kansu kamar an ɓalle dam. Gali, ɗan siriri mai sauri kamar walƙiya, ya karɓi ƙwallo a minti na uku ya yanke mutum biyu, 'yan Gwarzo suka miƙe tsaye. Ya iso gaban Zainu ya yi rawa hagu, ya yi dama. Zainu bai motsa ba. Gali ya tura ƙwallo zai wuce, sai kawai ya ga yana gudu shi kaɗai, ƙwallon tana ƙafar Zainu. Ɓangaren Kabo ya ɗauki ihu. Nata'ala ya daki iska da hannu har usur ɗinsa ya buge shi a haɓa.

Haka aka yi ta yi. Gali ya koma hagu, Zainu na nan. Ya koma dama, ya tarar da shi. Aka yi bugun kusurwa sau uku, duk kan Zainu ne ya fitar. Sau ɗaya Gali ya kuɓuce ya harba, ƙwallon ta daki turken raga ta dawo, Nata'ala ya ji kamar zuciyarsa ce aka daka. Aka tafi hutu ba ci.

Ana dawowa ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Filin ya zama taɓo, 'yan kallo suka lulluɓa da buhuna da tabarmi, ba wanda ya tafi. A minti na sittin Muhammad Nur, ɗan tsakiyar Kabo, wanda dama yana da katin gargaɗi, ya zame ya kwashe ƙafar wani. Alƙali ya zaro ja. Alhaji Abdulnasir ya cire hula ya zauna a taɓo.

“Shi ke nan, Katanga, mun kaɗe!”

“Tashi Alhaji, saura goma a fili, ba gawa ba ce!” Nata'ala ya juya ya haɗa hannu a baki. “Ku matso! Layi biyu! Sajo, kai kaɗai ka tsaya a gaba, kada ka dawo!”

Sajo ɗan ƙaramin ɗan gefe ne, tela a kasuwar Kabo, ba ƙarfi sai gudu. Ya tsaya a tsakiyar fili shi kaɗai ruwa na dukansa, 'yan bayan Gwarzo suka manta da shi suka hau gaba neman ci.

Minti ashirin Kabo suka yi suna shan ruwan hare-hare. Saura minti tara Gali ya sake karɓar ƙwallo a bakin da'ira. Taɓo ya ɗan riƙe ta, Zainu ya sa ƙafa ya zare. Sai ya ga fili a buɗe a gabansa, tsohuwar cuta ta motsa, ya sunkuyar da kai ya fara gudu da ita. Nata'ala ya zabura ya matso bakin layi. In aka ƙwace a nan, ba kowa a baya.

“Zainu! Ɗaga kai! Ɗaga kai!”

Ko ya ji, ko bai ji ba, Allah ne masani. Ya taka ƙwallon ya tsaya cak, ya ɗaga kai, ya hango Sajo. Ƙafar nan da ta saba aika ƙwallo gonar dawa ta ɗauke ta sama, ta tsallake kawunan 'yan Gwarzo gaba ɗaya, ta sauka a gaban Sajo ta tsaya a ruwa kamar an ajiye masa da hannu. Sajo ya kwasa. Gola ya fito. Sajo ya ɗan tura ta gefe, ya zame, ya tashi, ya sa mata tsinin takalmi.

Ta shiga.

Abin da ya biyo baya Nata'ala bai iya ba da labarinsa daidai ba har yau. Ya dai san ya tsinci kansa a guje a bakin layi, mutumin da likita ya ce kada ya yi gudu, ya san kuma santsi ya kwashe shi ya faɗi rigingine a cikin taɓo yana dariya, Alhaji Abdulnasir ya faɗo a kansa. Mutanen Garo suka yi ta dukan jarka har ɗaya ta fashe.

Amma wasa bai ƙare ba. Gwarzo suka taso har da golansu. A minti na ƙarshe suka sami bugun kusurwa. Ƙwallon ta zo, golan Kabo ya fito ya daka, ta zame masa saboda ruwa, ta faɗo gaban Gali, raga a buɗe. Gali ya harba da duk ƙarfinsa. 'Yan Gwarzo sun riga sun fara ihun ci sai ga Zainu ya taso daga inda ba a sani ba, ya yi sufa a kan layi ya sa goshi. Ƙwallon ta tashi sama ta bar fili, shi kuma ya gwara kafaɗa da turke ya faɗa cikin raga. Kafin ya miƙe alƙali ya busa tashi.

Nata'ala ya ɗingisa har cikin ragar ya ɗago shi. Taɓo ya rufe fuskar yaron, haƙora kawai ake gani.

“Koci,” in ji shi yana haki, “ashe haka abin yake da daɗi?”

Nata'ala ya jawo shi jikinsa. Ya rungume shi. Ta bayan kafaɗarsa ya hango Badi'a a cikin malamai, mayafi ya jiƙe sharkaf, tana ta guɗa ba ta damu da kowa ba.

Mudassir ya zo ya miƙa hannu, fuskarsa ba daɗi amma yana murmushi. “Da na sani na ɓoye masa takalma ranar nan,” in ji shi.

Aka ɗora kofin a kan tarakta aka yi jerin gwano har Kabo, aka isa ana kiran magariba, yara da manya suna bin su a guje.

Bayan sati uku dattawan ƙwallo na garuruwan biyu suka zauna suka ce wannan gaba ta isa haka. Ga mai ci a Gwarzo, ga mai tsarewa a Kabo, me zai hana a haɗa ƙungiya ɗaya a shiga gasar jiha? Aka amince nan take. Atisaye kwana uku a Gwarzo, kwana uku a Kabo. Abin da ya gagara shi ne wanda zai zama babban koci. Nata'ala ya ce Mudassir ne, don ya riga shi fara koyarwa. Mudassir ya ce Nata'ala ne, don shi ya ci kofi. Da aka gaji aka ce su riƙe tare.

Wasansu na farko a Kano aka buga. Gali a gaba, Sajo a gefe, Zainu a baya da ƙyallen kyaftin a hannu. Minti goma da farawa duk kawaicin da kocin biyu suka yi wa juna a gaban dattawa ya watse.

“Ku hau gaba!” in ji Mudassir.

“Ku dawo baya!” in ji Nata'ala.

“Ku matsa su, na ce!”

“Kada wanda ya bar wurinsa!”

Ƙwallo ta fita waje kusa da benci. Zainu ya zo ɗauka, ya dube su ya ɗan rusuna.

“Don Allah Koci, ɗayanku ya zauna. Mun rasa wanda za mu bi.”

Suka dubi juna. Mudassir ya nuna wa Nata'ala benci, Nata'ala ya nuna masa. Ƙarshe dukansu suka zauna, kafaɗa da kafaɗa, kowa na cizon leɓe. Suna zaune Gali ya ci ta farko, suka miƙe a tare suna ihu, kuma ba wanda ya sake zama har aka tashi biyu da ɗaya.